Shekarar sanƙarau da mujiyar bayan gidanmu

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar maigidana. Mutanen Madarunfa sun san shi da Lawali Mai Foto. Ni dai tun da aka kai ni ɗakinsa bakina bai taɓa kiran sunan nan ba, Malam nake ce masa, yanzu ma da na rubuta shi sai da hannuna ya yi nauyi. Na daɗe ina son in yi magana a kansa a wannan fili, amma duk ran da na ɗauki alƙalami, ba ranar aurenmu ke zo mini ba, ba kuma ranar da aka fita da shi ba. Shekarar sanƙarau ce ke zuwa ta tsaya mini. To, bari in ba da ita yadda ta faru.

Shagonsa yana kusa da tasha, ɗan ɗaki guda da labule da kujerar katako. Aikinsa foton katin ɗan ƙasa, da na ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, masu shiga jarrabawa, sai biki da suna. A wancan lokaci sai fim ya cika a kai Maraɗi a wanke. Kowane fim ya sa a kyamara kuwa, sai ya rage fotunan ƙarshe-ƙarshe ya ce waɗannan rabon tsuntsaye ne. Ran da babu aiki yakan hau keke da sassafe ya nufi bakin tafki, ya shige ciyawa ya zauna kamar kututture, yana jiran zalɓe ya miƙe wuya ko garken kirinjijiya ya sauka. A gida kuma ya ajiye tsohon kasko da ruwa a gindin itacen bedi, yana watsa tsaki, kurciya da kanari da baiwar Allah suna sauka kamar an kira su. Yakan rufe ido ya faɗi sunan tsuntsun da ke kuka a bayan katanga, a leƙa a ga shi ne. Ni ina koyarwa a lakwal, abin nasa dariya yake ba ni, amma ban taɓa hana shi ba.

A bayan katangarmu akwai wata tsohuwar kuka mai kogo. A ranin wata shekara cikin tsakiyar shekarun casa'in, mujiya ta yi sheƙa a kogon. Malam ya yi murna kamar an ba shi kujerar Makka. Ya aro tsani, da rana tsaka lokacin da take barci sai ya hau a hankali ya ɗauke ta foto. Da ta ƙyanƙyashe ya ɗauki ƴaƴan, wasu farare masu fuska kamar ta tsofaffi. Foto ɗaya ya fito da kyau ƙwarai, har ya manna shi a ƙofar shago. Na ce masa ya cire, mutane ba sa son ganin wannan fuska. Ya ce ai halittar Allah ce, kuma tun da ta zo ɓera ya ƙaurace wa rumbunmu.

Da zafin bazara ya kankama sai ciwon ya shigo. An fara jin labarinsa daga ƙauyukan Gabi da Sarkin Yamma, kafin a ankara ya shigo gari. Wanda bai ga sanƙarau da idonsa ba, ba zai gane irin tsoron ba. Yaro yana wasa da safe, da azahar ya ce kansa na ciwo, kafin la'asar wuya ya sandare, washegari a ɗauke shi a tabarma. A ajina kullum sai na tarar da wani benci ya yi giɓi, ina tsoron in tambaya. Muna da ɗa guda a lokacin, Bashir, shekararsa shida. Na koma ba ni da aiki sai taɓa goshinsa. In yana cin tuwo in ce ya sunkuyar da kai in gani, in yana wasa in kira shi in ce ya taɓa ƙirjinsa da haɓa. Har yaron ya gaji, yana ganina sai ya sunkuya da kansa.

Cikin wannan hali magana ta fara yawo a unguwa cewa mujiyar Mai Foto ce ke kiran ƴaƴan mutane. Ba wanda ya faɗa mini a ido. Na dai ga mata sun daina aiko yara gidanmu ɗiban wuta, in na isa bakin famfo hira ta mutu, wata ma ta ja ɗanta ta ɓoye a bayan zane. Na yi karatu, na san ciwo ne da ke bin iska da cunkoso, ni da kaina nake faɗa wa ƴan ajina haka. Amma na tashi a ɗakin kakata, kuma duk lokacin da tsuntsuwar nan ta yi kukanta mai kama da yagar ƙyalle, sai in tuna maganarta cewa kukan mujiya mutuwa yake kira. Tsoro biyu ya haɗe mini: na ciwon, da na mutane. Na roƙi Malam ya rabu da ita. Ya ce, "Hadiza, ba ita ba ce. In na kore ta yau, na yarda ke nan ita ce, gobe kuma in wani yaro ya faɗi wa za a kora?" Na ce ni ban san wannan ba, ɗana kawai na sani.

Maƙwabcinmu na jikin katanga Alhaji Mamman ne, direba, yana jigilar fasinja tsakanin Maraɗi da Ɗan Issa. Mutumin kirki, shi ya yanka ragon sunan Bashir da hannunsa. Yana da ɗiya, Rakiya, sa'ar Bashir, tare suke wasa a gindin bedinmu. Ciwon ya kama ta, kwana ɗaya ta yi ta rasu. Da safe aka kai ta, Malam ma yana cikin masu rakiya. Ana dawowa daga maƙabarta, kafin rana ta take, na ji sallama a ƙofar gida, ba irin sallamar da aka saba ba. Na leƙa ta zaure na ga Alhaji da maza da yawa a bayansa, wasu da damin kara, wani da galan na kananzir. Ƙasar kabari tana nan a ƙafafunsu. Wasu daga cikinsu ƴaƴansu na ajina. Na ja Bashir na tura shi ɗaki, na tsaya a bakin ƙofa, don ban san kukar kaɗai suka zo ƙonawa ba ko har da mu.

Alhaji bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi ba ni tsoro. Ya ce, "Lawali, yanzu na rufe ɗiyata. Ban zo gardama ba. Ko ka fidda abin ga, ko mu fidda shi."

Malam ya dube shi. Sannan ya ce, "Alhaji, Allah Ya ba ka haƙuri. Kada ku sa wuta, iska na kaɗawa, ga rumbunan mutane. Ku bar ni in ɗauke su da hannuna."

A gabansu ya kafa tsani ya hau. Uwar ta fito fuu ta bisa kawunansu, manyan maza suka watse suna salati. Ya sauko da ƴaƴan cikin kwando, ya rufe da tsumma, ya ɗaure a bayan keke, ya ce zai kai su wani kogo da ya sani a ƙetaren tafki. Daga baya ya gaya mini ya san ba za su rayu ba babu uwa, bai dai iya tsayawa ya ji ƙaurinsu ba. Mutanen suka cusa ƙaya a kogon suka tafi.

Na koma ɗaki ina cewa alhamdu lillahi, an rabu lafiya. Sai na tarar da Bashir kwance a ƙasa ya juya wa ƙofa baya, wai haske na soka masa ido. Na taɓa shi, jiki kamar garwashi. Na ce, "Sunkuya in gani." Ya yi ƙoƙari, wuyan ya ƙi. Ban san lokacin da na fita waje ba mayafi ba, ɗauke da shi a kafaɗa, ina ihu. Malam ya yi nisa, babu waya a lokacin, babu wanda zan aika. Ƙofofin unguwa kuwa a rufe, wasu ina ganin ana leƙe ta kafar kara, ba wanda ya fito.

Alhaji Mamman ne ya taso daga tabarmar zaman makoki. Ya dubi yaron sau ɗaya, ya ce, "Madam, shiga mota." A asibitin gari aka ce allurar ta ƙare tun safe, sai Maraɗi. Har yau ina ganin hanyar nan. Bashir yana miƙewa a cinyata, idonsa na juyewa, ni ina karanta duk abin da ya zo bakina. Alhaji yana tuƙi hawaye na zuba a gemunsa, bai share ba har muka isa. An kafa rumfuna a filin asibiti, yara kwance jere a tabarmi, iyaye mata na yi musu fifita. Shi ya kutsa da yaron a hannu har gaban likita. Bai koma wurin makokin ɗiyarsa ba sai da ya ga an yi allurar. Malam ya iso da yamma a bayan wata motar kaya, ƙafafunsa duk taɓon tafki.

Bashir ya tashi. Amma ran da aka sallame mu, wani faranti ya faɗi a bayansa, kowa ya zabura, shi bai waiwaya ba. Ciwon ya tafi da jinsa gaba ɗaya.

Malam ya cire foton daga ƙofar shago, ya daina zuwa tafki, kaskon gindin bedi ya bushe. Mutumin da ke sanin tsuntsu da kunne, ga ɗansa ko kiran sallah ba ya ji. Ba su taɓa tayar da maganar ranar nan shi da Alhaji ba, sun ci gaba da gaisawa da zuwa masallaci tare. Sai da damina ta kusa, shamuwa suka dawo kan gawon bakin kasuwa, na ga Bashir ya ja rigar ubansa yana nuna sama. Washegari ya ɗora shi a keke. Tun daga nan tare suke fita. Suka ƙirƙiro maganarsu ta hannu: a miƙe hannu a lanƙwasa, zalɓe ke nan, a buɗe yatsu bisa kai, gauraka. Ya koya masa kada ya tsaya kallon tsuntsu ɗaya, ya riƙa duban abin da dukansu ke yi, wa ya daina kiwo, wa ya ɗaga kai, ina suka fuskanta. Shekara uku suka samu a haka. Ciwon hanta ya kwantar da Malam a ƙarshen shekarun nan, ya rasu a ɗakinsa, Bashir na riƙe da yatsansa.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Yanzu kowa da foto a aljihunsa, shagon nasa ma wurin cajin waya ya koma. Ina jin wannan ba zai dame shi ba, zai ma so ya ga tsuntsu ya fito nan take ba sai an je Maraɗi ba. Zai yi murna da rigakafi, don matan yanzu ba su san tsoron da muka sani ba. Itatuwan bakin tafki da aka sare ne za su sa shi baƙin ciki. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne dajin. Wuraren da yake kwana biyu yana bin gauraka, wajen Gabi da bakin iyaka, yanzu ƴan bindiga ke ratsawa a kan babura, suna kora shanu, suna ɗaukar mutane. Manomi ma da kunnensa biyu a tsorace yake shiga gona.

Bashir kuwa ya girma, yana da mata da ƴaƴa, yana gyaran waya a kasuwa, kuma ya sayi kyamara mai dogon baki. Duk ran da ya samu sarari sai daji. Ba ya jin ƙarar babur, ba ya jin harbi, in an yi masa tsawa a ce tsaya ba zai tsaya ba. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa shi da matarsa, na haɗa shi da Alhaji Mamman, wanda ya tsufa yanzu amma Bashir na jin nauyinsa. A banza.

Bara da kaka ya dawo tun kafin azahar, rigarsa duk ƙasa da ƙaya. Ya zauna a gabana ya ba ni labari da hannu. Yana bakin wani kwari yana ɗaukar balbela, sai ya ga duk sun ɗaga kai lokaci guda, sun fuskanci kudu, can kuma kurciyoyi suka tashi daga itatuwa jere da jere, abin na matsowa. Bai tsaya neman dalili ba, ya faɗa kwarin ya kwanta cikin sabara. Ta tsakanin ganye ya ga ƙafafun babura suna wucewa, mutum bibbiyu, da bindigogi. Ya ji su a ƙirjinsa, ta ƙasa. Da yamma muka ji an kwashe mutane a wata gona can gaba.

Na riƙe kansa na yi ta kuka kamar yana ɗan shekara shida. Na ce ya rantse mini ya daina. Bai rantse ba. Ya dai yarda ya bar wajen iyaka, ya tsaya bakin tafki.

Fotunan Malam da yawa sun dushe, wasu gara ta ci. Ba a sa wa titi sunansa ba, yaran garin nan ba su san an yi shi ba. Abin da ya bari yana yawo da ƙafa biyu, kuma shi ne abin da ya fi hana ni sukuni a duniya. Wani lokaci ina jin haushinsa da ya sa wa yaron nan son daji. Wani lokaci kuma in tuna ba don abin da ya koya masa ba, da yanzu ina cikin matan da ke zaune suna jiran a bugo musu waya daga daji. Na kasa raba biyun, na kuma daina ƙoƙari.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya jiƙan Rakiya da sauran yaran shekarar nan. Yau ma da sassafe Bashir ya rataya kyamara ya fita. Na ɗauko tabarma na shimfiɗa a zaure, inda nake hango hanya, a nan nake rubuta wannan. Rana ta fara karkata, bai dawo ba tukuna.