Ɗinkin da Ya Yi Jini

Maigidana mai ɗinkin ƙarfe ne, abin da a nan Yamai muke cewa sudur. Tun muna unguwar Boukoki da ɗaki ɗaya yake aiki a wani garaji da ke ƙera siterni, wato manyan tankunan da kamiyo, babbar mota, ke ja cike da mai. Kusan duk wanda ya iya riƙe wuta a wurin, a hannunsa ya koya. Da idonsa ya fara hazo ni na fara lura, don sai ya zuba shayi a gefen kofi ya ce kofin ne ya karkace. Sai in goge wurin, in rufa masa asiri. Aikin nan da shi muke ci, kuma da shi yake ɗaga kai a unguwa.

Ɗanmu na fari ya yi lakwal, wato makarantar boko, har ya ƙare, wani kamfani ya ɗauke shi aikin duba ƙarfe. Ba ya yanka, ba ya fasawa. Wani lokaci da na'ura yake sauraron cikin ƙarfen, irin yadda ake wa mai ciki a likita. Wani lokaci kuma ruwa ja yake fesawa a kan ɗinki, ya jira, ya goge, sannan ya fesa fari. Idan da tsaga, ko ta kai siririn gashi, jan zai fito ta cikin farin.

Mai garajin na yanzu, da suke kira patoro, wato ubangida, daga ubansa ya gada. Ya daɗe yana son sa ƙanen matarsa a gurbin maigidana, amma ya rasa bakin korar mutumin da ya goya shi yana yaro. To, wani attajiri ya ce ba zai karɓi tankinsa ba sai an duba, kamfanin kuwa ɗana ya turo. Daga baya na ji yaron ya roƙi a musanya shi da wani, patoro ya ce shi fa wannan yake so.

Ranar na kai abincin rana, dambu da zogale. Na tarar an kashe injuna, an tara ma'aikata kaf a gindin tankin. Ɗana na bisa tsani. Ubansa na tsaye daga gefe, ya ɗage gilashin sudur zuwa goshi, yana duban ƙasa. Dama a gida ma ba ya duban yaron, ba ya kiran sunansa, kunyar ɗan fari ce, ni ma haka nake. Duk maganar da ke tsakaninsu ba ta wuce gaisuwa ba.

Aka fesa jan, aka goge, aka fesa farin. Can sai ga wani ɗigo, sai ga wani a bayansa, har suka haɗu suka zama layi mai tsawon kamu, kamar jini na ɓullowa ta bandeji.

Patoro ya tafa hannu. "Kai! Tankin nan haila yake? Mushe, yi mana bayani, mu ba mu yi lakwal ba." Mushe kuwa, haka ake kiran babban ɗan boko a nan.

Ɗana ya ce, a hankali, "Akwai tsaga."

"Ɗaga murya. Akwai waɗanda guduma ta cinye wa kunne."

"Akwai tsaga. Ba za a zuba masa mai ba."

"Madalla. To hannun wa ne?"

"Wannan ba aikina ba ne, patoro. Ɗinki nake dubawa."

"A'a, kai dai faɗi. Ko in kira shugabanka in ce ya turo mini wanda ba ya iya duba aikin ƴan gidansu?"

Tankin nan hanyar Tawa zai bi, ta cikin garuruwa da kasuwanni. Ɗana ya ce, "Na Baba ne."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, sauran suka bi, har da waɗanda maigidana ya koya wa aiki. Patoro ya ɗauko injin gurza ya miƙa wa tsohon. "Tsoho, ɗanka ya yi maka gyara. Gurje abinka da hannunka. In ba ka ganin wurin, mushe zai nuna maka da yatsa." Haka kuwa aka yi. Ya hau tsanin ya lalubi wurin bai samu ba, sai da yaron ya kama hannunsa ya ɗora a kan layin. Da ya gama aka ce ya je gida ya huta, za a neme shi. Ba a neme shi ba. Na koma da dambun yadda na kawo shi.

Ranar Juma'a ɗana ya zo daga gidansa na unguwar Koira Kano, ya ce ya yi magana da likitan ido, aikin ba mai wuya ba ne. Maigidana na zaune a kujerarsa ta ƙofar ɗaki. Yana jin muryarsa ya miƙe, ya tuɓe takalmi, ya kakkaɓe kujerar da hularsa, ya tsuguna a ƙasa.

"Sannu da zuwa, mushe. Ranka ya daɗe. A zauna."

"Baba, don Allah."

"Ai ba a barin babban mutum a tsaye. Ke, kawo wa mushe ruwa, a kofi mai kyau, kada ya same shi da tsaga."

Yaron ya tsuguna shi ma, yana kuka kamar wanda aka yaye. Uban ya ƙara sunkuyawa, har gemunsa ya kusa taɓa ƙasa, ya ce ba zai tashi ba sai mushe ya zauna. Maƙwabta sun fara leƙowa ta katanga. Dole yaron ya hau kujerar.

Na yi wa uban magana bayan nan, ba sau ɗaya ba. Na ce, "Malam, da ya yi shiru wuta ta ci mutane fa?" Ya ce ai ya sani, yaron gaskiya ya faɗa, shi ya sa yake girmama shi.

Likitan ido kuwa bai taɓa zuwa ba. Yanzu ko rana ba ya bambancewa da inuwa. Amma ya san ƙarar babur ɗin ɗansa tun daga kwanar masallaci. Kafin yaron ya kashe inji, ya riga ya sauka daga kujera ya tsuguna, a gaban jikokinsa, yana jira.