Yayen da ya tafi da mutanen gidana

Shekarun baya, lokacin da rediyo ke ta labarin wasu ƙasashe biyu da kowace ta tsare jakadun 'yar'uwarta, ni ne gwanin sharhi a fadarmu ta shayi a Dakoro. Nakan ce da ni aka aika, kafin shayi na biyu ya nuna na sasanta su.

Ashe tawa na tafe.

An kai ɗanmu na fari yaye wajen surukata a Korahane. Yaye ya ƙare, ta ƙi maido shi. Ta aiko cewa kakarsa ta wajen uba ta zo da ƙafarta. Ga shi an sa ranar bikin ƙanwar matata, wadda ke riƙo wajen gwaggonta. Mahaifiyata kuwa ta ce ai ita ce babba. "To, 'yarta ma tana hannuna. Ba ta zuwa bikin ƙanwarta sai angona ya dawo."

Biki na matsowa, matata na kukan ɗa da na biki. Aka tura ni jakadanci. Na tuɓe takalma tun daga zaure, na durƙusa, kaina a ƙasa.

"Lafiya dai?" in ji surukata.

"Lafiya lau, Inna. Gaisuwa na kawo."

Wa ke buɗe baki gaban suruka? Na sha fura, na dawo hannu rabbana.

Kawuna ne ya tsara musaya, a miƙa yaro a karɓi matata, a wata kasuwar ƙauye da ke tsakani, don kada a ce wata ta bi wata. Surukata ta kwance goyo, yaro ya ƙanƙame zanenta yana tsala ihu. Ta yi ƙasa da murya ta ce wa mahaifiyata, "Yaya, tun rasuwar malam gidan ya yi mini faɗi. Shi kaɗai ke tashina da safe."

Mahaifiyata ma ta san takaba. Sai ta tattare zane ta haye amalanken surukata, ta yafito matata. "Mu je, a yi bikin da mu."

Na koma gida ba uwa, ba mata, ba ɗa. 'Yan fada suka laƙaba mini Jakada, har yau bai fita ba.

Ina ƙaunar tsofaffin nan biyu, Allah ya jiƙansu. Na je har gaban surukata na sha furarta, ban lura tabarma ɗaya ce shimfiɗe a tsakar gidan ba.