Shekarar da na ƙi haɗa gonar mahaifiyata da tawa

Shekarun baya, da aka kawo mana maganar inshorar gona, ban ɗauke ta da muhimmanci ba. Na gaji da tsare-tsaren da ake kawowa da damina su ɓace da rani. Abokina, wani tsohon malamin firamare, shi ya ja ni ofishin ƙungiyarmu ta manoma a Samaru.

Gona biyu nake nomawa. Ta masara tana kan tudu wajen Zabi, wannan tawa ce. Ta shinkafa tana fadama wajen Shika, ta mahaifiyata ce, gadon ubanta. Ni ke noma mata, amma ko tiya ɗaya ba ta shiga rumbuna. Da ita take ci da kanta, kuma tunda nake ban taɓa jin ta ce “ba ni” ba.

Ma'aikaciyar da ke cike takardu, wata 'yar Kudancin Kaduna, ta yi mana bayani. Idan mutum ya haɗa gonakinsa a takarda ɗaya, tallafin gwamnati zai ɗauke mafi yawan kuɗin inshorar. Idan ya raba, tallafin kaɗan ne, sauran daga aljihunsa. Kowa ya bi layin haɗawa.

Na ce, “Malama, ni ban yi boko ba. Idan ruwa ya ci fadama, masarar tudu kuma ta yi kyau, za ku biya?”

Ta ce, “Baba, a takarda ɗaya haɗawa ake yi a auna gaba ɗaya. Idan masara ta rufe asarar, babu biya.”

“To masarata ce za ta rufe asarar tsohuwa? A kan takarda? Raba min.”

Abokina ya fashe da dariya. “Kai dai taurin kanka ba ya jin magani. Gwamnati na miƙo maka hannu kana kaucewa. Alhaji mai kuɗi!”

Na ce, “Malam, kai ka iya lissafi, ni na san fadamar.”

Gaskiya na ji jiki. Kuɗin buhun takin da zan ƙara wa masara na zuba a ciki. Matata ta yi kwana uku tana ce min “mai inshora”. Ni kaina na riƙa ce wa kaina wawa.

Ana gab da shinkafa ta fitar da kai, rafi ya cika ya kwanta a fadamar har kwana biyar. Da ya janye, laka kawai muka samu. Mahaifiyata ta je ta gani, ta ce Allah ne ya bayar ya karɓa. Amma daga ranar ta rage tuwon da take tuƙawa. Na gani, ba ta san na gani ba.

Masara kuwa ta yi kyau a ko'ina. Abokina ma yana da fadama da tudu, an haɗa an auna, aka ce bai yi asara ba. Ni sai da na yi sawu huɗu zuwa banki a Sabon Gari, amma kuɗin fadamar ya fito.

Na kai wa mahaifiyata. Ta ture hannuna. “Ɗauke wannan, ba na son sadakarka.”

Na ce, “Inna, ba nawa ba ne. Gonarki ce ta biya ki. Ga takardar, ita kaɗai ce a ciki.”

Ta sa aka karanta mata sau biyu. Sannan ta ce in nemo mota, za ta kasuwa ta zaɓi shinkafa da kanta, don ni ban san mai kyau ba.

Ban ce rabawa ta fi ga kowa ba. Wanda gonakinsa ke jere wuri guda ya haɗa, ya more sauƙin. Amma na gane tallafi yana tura mutum inda masu bayarwa suke so, ba inda ruwa ke bi ba. Mahaifiyata ta rayu shekaru bayan haka, kuma har ta koma ga Allah daga gonarta take ci. A rayuwata ban ci abubuwa da yawa ba, amma wannan kam na ci.