Tauraron da ya fara hucewa

Shekarun baya masu nisa, 'yan shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai, ina ajin ƙarshe na firamare a Tahoua. Mu biyar ne mata a ajin, kuma ni ce wadda ba a taɓa jin muryarta ba. In malami ya yi tambaya, sai in ƙura wa tsagar tebur ido har ya wuce ni. Na san yawan ƙusoshin teburin nan fiye da kafintan da ya buga su.

A farkon sanyi malaminmu, wanda muke kira Mushe, ya ce zai rubuta sunayen waɗanda za su zauna jarrabawar satifika. Ya tsaya a kaina, ya buɗe littafin rubutuna, ya ce, "Ke, kayenki ba laifi. Amma ban sani ba ko ke ke rubutawa ko maƙwabciyarki. Wanda ban ji bakinsa ba, ba ni sa sunansa." Wanda bai zauna jarrabawar ba, karatunsa ya ƙare ke nan.

A makon ne ya ba mu aiki. Ya ce bayan magariba kowa ya dubi gabas, ƙarƙashin taurarin da muke kira Kaza da 'Ya'yanta, akwai wani mai haske da ke bin su. Mu faɗa masa launinsa, da dalilin launin.

Mahaifina maƙeri ne. Ranar ya dawo daga masallaci ya koma maƙera don ya ƙarasa gatarin wani mutumin Barmou. Na tsaya a bakin rumfa ina kallon sama. Sauran taurari farare ne, wasu har da shuɗi-shuɗi. Shi wannan ruwan goro ne, haskensa a natse.

"Ɗiyata, mi kike nema a sama?" in ji shi.

Na nuna masa. Ya ɗan duba, sai ya ce in matso. Ya zaro gatarin daga wuta da awartaki, bakinsa fari fat har yana kashe ido. Bai buga ba. Muka zuba masa ido, farin ya koma rawaya, rawayar ta koma ruwan goro.

"Kin gani? Wanga launi na ƙarfen da ya fara hucewa ne. Mai zafin gaske fari yake."

"To Baba, in ya huce, don mi ya fi 'yan'uwansa haske?"

Ya mayar da gatarin wuta, ya ja zuga-zugi sau biyu kafin ya amsa. "Allura ko ta yi fari ba ta haska rumfar ga. Garma ko ta fara hucewa tana haska ta. Abin naki ƙato ne."

Washegari a aji kowa ya ce tauraron ja ne, kuma don ya fi kowane zafi, tunda wuta ja ce. Mushe yana ta gyaɗa kai. Ni kuwa na san ba haka ba ne. In na yi magana dole in ambaci maƙera, alhali kullum sai na goge gawayin ƙafata kafin in shigo aji. Na ɗaga yatsa, iyakarsa kunnena.

Ya gani. "Ikon Allah! Tashi."

Na fara da Faransanci, ya ƙare mini a tsakiya, na ƙarasa da Hausa, abin da aka hana a aji. Na faɗi na gatari, na faɗi na allura da garma. Wani yaro a baya ya ce, "Mushe, ɗiyar maƙera za ta ƙera muna tauraro!" Aji ya fashe da dariya.

Mushe bai yi dariya ba. Ya tafi allo ya ɗiga alli, ya ce wannan ce rana. Sannan ya ja da'irar da allon bai ishe ta ba, sai da ya hau bango. Ya ce faɗin tauraron ya ninka na rana fiye da sau arba'in, amma fuskarsa ba ta kai ta rana zafi ba, shi ya sa launinsa haka. Tsoho ne, in ji shi, da tsufa ya kumbura. Hasken da muka gani jiya ya fi shekara sittin yana tafiya.

Ya juyo. "Wa ya karanta miki?"

"Babana. Bai iya karatu ba."

Ya buɗe babban littafinsa, ya sa alƙalami a tawada, ya rubuta sunana ina kallo.

Da na kai wa mahaifina labari, yana wasa gatarin. Abin da ya ce kawai, "Sau arba'in? Ni na ɗauka bai wuce goma ba."

Na ci jarrabawar, na yi karatu gwargwado. Amma har yau ina mamakin mutumin da bai taɓa riƙe alli ba, ya auna abin da ke can nesa da abin da ke bakin awartakinsa. Kuskurensa ɗaya, ya rage wa tauraron girma. Ni ma kuskuren da na daɗe ina yi game da mahaifina ke nan.