Cindon Kakata

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da aka yaye ƙyalle daga kan hannun ƙarfen nan a Tudun Wada.

Kakata tana da cindo a hannun dama, ni ma haka. A wasu gidaje wanzami ke ɗaure yatsan nan na shida da zare tun ana jariri har ya faɗi, amma ita ta hana a taɓa nawa. Cewa take gadon mahaifinta ne, shahararren malamin nan da ake rera waƙoƙinsa na wa'azi har yau. Wai ya rabu da uwarta tana goye, ya tafi Riruwai zamanin haƙar kuza. Ba wanda ya yarda. Matan unguwa sukan ce, "Sannu 'yar malam," su fashe da dariya. Wallahi abin yana ci mini rai.

Da aka tashi karrama marigayi malamin, malamai suka ce ban da mutum-mutumi mai fuska. Sai wani mai walda ya haɗa tsofaffin garemani ya ƙera hannu riƙe da alƙalami. Ranar buɗewa Kaka ta ce ko a baro ne sai na kai ta.

Ana janye ƙyallen wuri ya ɗauki dariya, domin yatsu shida ne. Wani ya ce, "Mai walda, ƙirga ce ta gagare ka?"

Sai wani dattijo da aka ɗauko daga Riruwai, tsohon ɗalibin marigayin, ya miƙe. "Ni na ce a sa na shidan. Na daɗe ina zuba wa hannun nan ruwan alwala."

Ban ankara ba Kaka ta kutsa gaba da sandarta, ta ɗaga hannu. "Malam, duba nan."

Ya matso ya ƙura wa yatsan ido. Can ya ce, "Har lanƙwasar iri ɗaya." Idonsa ya kawo ruwa.

Na san cindo ba shaida ba ce, masu shi suna da yawa. Amma ranar, matan nan da kansu suka rako Kaka gida da guɗa, ni kuwa na cire hannuna daga aljihu, inda na saba ɓoye shi tun ina firamare.

Tun daga nan na koyi cewa idan tsohuwa ta nace a kan magana, a saurare ta tun tana da rai. Kaka ba ta ga damina ta gaba ba, amma ta tafi ana kiranta 'yar malam ba tare da dariya ba.