Makullin Gidan da Aka Ƙwace

Ƙwal! Makulli ya faɗo daga durowar kicin, sai Baba ya faɗo min a rai. Makullin gidansa ne na Zinder da hukuma ta ƙwace. Da ya ziyarce mu a garin McLeansville, can ƙasar waje, rigarsa tana ƙanshin turare, ya danƙa min shi: “Riƙe, ke ce ba kya mantuwa.”

Ya kai ƙara, har ya rasu kotu ba ta mayar masa da gidan ba. Yanzu lauya ya ce magada kaɗai za su ɗaukaka ƙara, ni kuwa ’yar riƙo ce. ’Ya’yan cikinsa ko waya ba sa ɗauka, wa’adi yana ƙarewa. Haba! Allah ya ba shi gidan da ba a ƙwacewa.

’Yata ta tsinci makullin: “Mama, ai ke ya ba wa.”