Katunan Da Mai Araha Ya Bari

A safiyar Laraba, 9 ga watan Afrilu, ina cikin buɗe shagona, mai gyaran agogo ya tsallako titi ya ce mini kai maƙwabcina Mai Araha, Allah Ya yi maka rasuwa a asibiti bayan jinyar kwana shida. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Sai da na sa ya maimaita, domin ni mutum ne da ba ya karɓar magana a karon farko. Wannan halin nawa ne ya cuce ka, Mai Araha, kuma shi ya sa nake wannan rubutu. Akwai gafarar da ya kamata in nema kana raye, ban nema ba.

Shekara goma sha bakwai shagunanmu na hoto suna manne da juna. Kowace Asabar kana wurin 'yan gwanjo kana tona kwalaye. Ka dawo da murfin gilashin kyamara, da igiyar rataya, da caja mai tsagaggen baya, da abin kafa kyamara wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya, duka a kuɗin da bai fi na kofin shayi ba. Mu yi ta tsokanarka muna cewa araha ba ta ado, kai kuma ka ce ai ba ado ka fita nema ba. Ranar da fitilar kyamarata ta mutu saura awa guda in tafi aiki, daga cikin tarkacen nan ka zaro wata ka miƙo mini. Na karɓa, na jujjuya ta ina duba ko an kankare sunan wani a jikinta. Har yau tana aiki.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsofaffin katunan mimori na ajiye hotuna a kyamara da kake saye tuli guda. Kowa a sana'armu in ya sayi tsohon kati, goge shi yake yi nan take. Kai ba ka gogewa. Sai ka ja labule, ka sa a kwamfuta, ka yi ta kallon hotunan mutanen da ba ka sani ba, kana ƙara girmansu, kana rubutu a takarda. Wasu ka wanke, ka zuba a ambulan, ka rufe shago ka fita. Sau ɗaya na tambaye ka, ka ce, "Kayan mutane ne." Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza. Me dattijo kamarka yake yi da hotunan matan mutane da 'ya'yansu? Wa kake kai wa, me kuma ake ba ka?

Da ma a zuci na bar abin. Na raɗa wa shugaban ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto, shi ma ya raɗa wa wani, kafin wata biyu makarantar da kake ɗaukar hoton ɗalibanta duk shekara ta sallame ka ba bayani. Ka ci gaba da gaishe ni kowace safiya. Ko gaisuwar ma dabara na ɗauke ta.

Da na je yi wa iyalinka gaisuwa, na tarar da baƙin fuskoki a ƙofar gida. Wata tsohuwa ta zaro hoto daga jakarta, na ɗanta direba da ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ta ce lambar motar da yake jingine da ita ka bi, tasha bayan tasha, har wata uku, kafin ka gano gidanta, kuma shi kaɗai ne hotonsa da take da shi. Wani tela ya ce allon shagonsa ka hango a gefen hoto, ka kawo masa hotunan 'yarsa tana rarrafe, ko ruwa ba ka tsaya ka sha ba. In faɗi gaskiya, har a lokacin ina leƙen fuskokinsu ko baki suka haɗa.

Zan tafi ke nan mai ɗakinka ta tsayar da ni a bakin ƙofa, ta miƙo mini wani gwangwani.

"Maƙwabci, ga saƙonka. Katunan da bai gano masu su ba ne. Ya ce kai za a ba."

Na ce, "Ni? Anya kin ji shi da kyau?"

"Kai fa. Ya san kai ka kai maganarsa tun a lokacin. Cewa ya yi mutumin da hoton 'ya'yan mutane ya dame shi har haka, ba zai taɓa miƙa shi ga wanda ba mai shi ba."

Na karɓi gwangwanin. Kuka na yi a wurin, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Saboda haka, duk wanda maganar nan ta je kunnensa, ya sani daga bakina ta fito, kuma zato ne kawai, ban taɓa ganin komai ba. Amanar da ka bar mini na ɗauka, zan bi ta iya ƙarfina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da abokan sana'armu baki ɗaya. Allah Ya ba su haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙanka, Mai Araha, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Ni kuma Ya yafe mini abin da kai ka riga ka yafe.